Ranar da Tsawa Ta Samu Ƙarin Girma

Tun da Apenisa ya dawo daga tsinkar lemo a Ostareliya, sama ba ta ƙara yin gyaran murya a ƙauyen Matanivula da ke kan tsibiri ba tare da ya fito ya yi mata fassara ba. Mazan da suka tafi tare da shi sun dawo da kwanon rufi, wasu har da injin kwalekwale. Shi kuwa rigar ruwa ya kawo, mai ruwan ɗorawa, wadda ta sauko masa har idon sawu, sai kuma sunayen hadari na Turanci cike da baki.

Matarsa Litiana ba ta da lokacin wannan. Ranar Asabar dangin mijin 'yarta Unaisi za su haye teku su zo shimfiɗar tabarmi, ranar da uwar amarya ke baza duk abin da ta saƙa a filin gari, mata su zagaya suna ɗaga gefe, suna leƙa bayan saƙa, suna taɓe baki. Tun Unaisi tana makaranta take saƙar nan, yatsunta duk sun yi kanta. A cikin tabarmin akwai ta gadon amarya, mai gezar ulu ja da kore, wadda ko kaza ba ta bari ta gifta kusa da ita. Uwar angon kuwa, Torika, mace ce da aka ce ta taɓa mayar da tabarma a gaban jama'a don kawai kusurwa ɗaya ta karkace. Litiana in ta tuna da haka sai ta sake duba kusurwoyin nata tabarmin. Roƙonta ɗaya ne, kada a yi ruwa ranar.

Ranar Alhamis da la'asar tana ɗaure ƙarshen geza, rediyo ya gama faɗin yanayi da Turanci, ya fara da yaren gida. Apenisa ya miƙa hannu ya kashe.

"Baban Unaisi, bar shi mana! Yanzu ne za su faɗa yadda zan ji."

"Ki ji me? Yaren da komai a wurinsa iska ne? Wanda ya kaɗa miki zane iska, wanda ya ɗauke coci iska?"

"Mu ma muna da sunan tsawa, muna da na guguwa."

"Kuna da suna, ba ku da muƙami. Ki kwantar da hankalinki, Maman Unaisi. Daga yau hadarin bikin nan yana hannuna."

Da ta ji haka hankalin nata ya ƙara tashi.

Ya zura rigar ruwa, ana rana tsaka, ya nufi rumfar da maza ke shan kava, abin shan da ake damawa da dakakkiyar saiwa. Can ya tarar da Sekove, yayan Litiana, wanda al'ada ta ba shi izinin ya zage shi yadda ya ga dama.

"Ga lemon Ostareliya nan ya nuna," in ji Sekove. "Zo zauna, taubashi, kafin tsuntsaye su fara tsattsage ka."

Apenisa ya tafa, ya karɓi ƙoƙo ya shanye, ya goge baki. "Ku saurara, yau zan ba ku ilimi kyauta. Hadarin Bature kamar soja yake. Na ƙasa shi ne thanda, wato tsawa. Kurtu ne, sai ihu, ko wando ba ya iya ɗaukewa daga igiyar shanya. Na sama da shi sikwal, kofur ke nan, ya zo farat ɗaya da ruwa, ya mare ka ya wuce. Sai gel, saje, shi in ya zo kwana yake yi. Sannan," ya rage murya, ya waiwaya bayansa, "saikulon, uban guguwa. Janar. Ba a ambatonsa a tsaye."

"To wanda yake fita daga cikinka in ka ci rogo da kifin gwangwani fa, mene ne muƙaminsa?" in ji Sekove.

"Ka yi dariya. Abin da ba ku sani ba, ƙarin girma ake yi musu. Janar ɗin nan da kuke tsoro, da kurtu ya fara."

"Wa yake yi musu ƙarin girman?"

"Ofis."

"Wane ofis?"

"Ka taɓa fita waje? To ka yi shiru."

Ranar Juma'a da safe rediyo ya ce za a ɗan yi tsawa da yamma, daga nan gari ya washe. Apenisa bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya kashe rediyo ya fara lissafi da yatsu. Kurtu da yamma, kofur da magariba, saje kafin zakara ya yi cara. Ya tsaya a kan yatsa na huɗu, ya dube shi, ya dubi matarsa.

"Mene ne?" in ji Litiana, tana riƙe da kwandon gwaza za ta zauren coci inda mata ke firar kayan girki.

"Je ki aikinki. Maganar maza ce."

Tana fita ya ruga filin gari, ya ɗauki sandunan lali, gangar icen da mai shelar gari kaɗai ke da ikon taɓawa. Apenisa bai taɓa kaɗa ta ba. Ya ga tun da labarin mai nauyi ne, kamata ya yi a kaɗa a hankali, da nauyi, ana jinkirtawa tsakani. Haka kuwa ake kaɗa ta in an yi mutuwa.

Mata a zauren coci suka saki wuƙaƙe. Ba wanda ya tambayi wa ya rasu, don kowa ya san wanda ya fi kusa. Suka ɗunguma gidan Kaka Sailosi, tsohon da ya riga coci zuwa garin, suna kuka suna kiran sunansa. Litiana tana cikinsu, tana kuka biyu, na tsoho da na biki, don in an yi rasuwa ba shimfiɗar tabarmi.

Tsohon ya leƙo ta ƙofa da dafaffen rogo a hannu.

"Wa ya mutu?"

Kukan ya tsaya cak. Wata ta ce a hankali, "Kaka, kai muka zata."

"Ni? Ba a faɗa mini ba." Ya gutsiri rogo. "To tun da kun zo, wa ta taho da sukari?"

Ana cikin haka Apenisa ya iso yana haki, ya hau kan turmin daka kava, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a! Janar yana hanya! Gobe da hantsi zai sauka!"

Da a ce wani abu daban ya faɗa, da an yi dariya an watse. To amma mutanen da suka taɓa kwana a ƙarƙashin bencin coci suna jin rufin gidajensu yana tafiya ba sa wasa da wannan maganar, ko daga bakin wa ta fito. Sai kuma aka yi rashin sa'a, can nesa bayan tsauni, sama ta yi ɗan gunaguni.

"Kun ji kurtu ko? Ya zo duba masauki!"

Gari ya hargitse. Maza suka bazu gonaki suna sare kan rogo don kada iska ta tumɓuke shi. Aka ja kwalekwale har gindin kwakwa. Aka buɗe garkunan aladu kamar yadda ake yi don kada ruwa ya ci su a kulle. Aladun da ba su taɓa ganin irin wannan alheri ba suka shiga gonar Fasto kai tsaye. Cikinsu har da ƙaton da Sekove ya yi ta kiwo don bikin 'yar ƙanwarsa.

"Wa ya buɗe mini garke?" Sekove ya taho a guje da adda a hannu.

"Na ceci ransa," in ji Apenisa.

"Ka ceci ransa? Gobe za a yanka shi!"

"To ai gara ya kai goben."

Litiana ta kama hannun rigar mijinta. "Baban Unaisi, dube ni. Rediyon ne ya ce guguwa, ko kai ne ka ce?"

"Shi ya fara magana, ni na ƙarasa masa."

"Tabarmina fa?"

"Su na fara tunawa. Koma firar gwaza."

Ta koma, amma rabin gwazar da ta fere ranar ta tafi da ɓawo. Da ta dawo gida da yamma sai ta tarar an naɗe gidanta da igiya kamar ƙunshin kifi. Igiya ta bi ta kan rufi, ta zagaye bango, ta gitta ƙofa, ta gitta taga, ta ƙulle a jikin bishiyar mangwaro. Ba ta inda ko kyanwa za ta shiga.

"Mu kuma ina za mu kwana?"

"Gidan yayanki. Nasa ba abin asara a ciki."

Ta dafa bango ta ce a ranta, ko ba komai tabarmi suna ciki, ba mai taɓa su. Abin da ba ta sani ba, kafin ya ɗaure gidan sai da ya kwashe su kaf. Ya yi tunani irin nasa, ya ga iska a sama take yawo, ba a taɓa jin ta shiga ƙarƙashin ƙasa ba. Ya naɗe su a shuɗin tamfol, ta gadon amarya a sama, ya kai su tsohon ramin lovo da ke bayan gida, ramin da ake gasa abincin biki da duwatsu masu zafi. Ya ƙara masa zurfi, ya jera su, ya mayar da ƙasa ya daddanne. Daga nan ya tafi ya sha kava na murnar kansa har ƙafafunsa suka daina jin magana.

Asabar ta waye tangaran. Ko gajimare ɗaya babu, teku kwance kamar an goge ta. Litiana ta ɗauki wuƙar girki ta yanke igiyar ƙofa, ta shiga, ta fito ba mayafi. Ta koma gidan Sekove ta tarar da mijinta yana sharar barci a cikin rigar ruwa, ta girgiza shi.

"Ina tabarmina?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Janar ya iso?"

"Janar ɗin gidanku! Ina tabarmina?"

"Suna inda ko shi bai isa ya taɓa su ba. Zo ki ga aikin hankali."

Ya yi gaba tana binsa. Suna shan kwanar gida ya tsaya kamar an dasa shi. A kan ramin nan akwai tudun ƙasa, tururi yana tsattsafowa ta gefensa, Sekove yana zaune kusa yana ɗaure gwiwarsa da ta kuje. Tun da asuba shi da maza suka kamo aladen a gonar Fasto, suka zo ramin da aka saba, suka hura wuta, duwatsu suka yi ja, aka jera nama da gwaza da kifi, aka rufe da ganyen ayaba da ƙasa.

"Sannu da tashi, ranka ya daɗe, kwamandan sama," in ji Sekove. "Ramin nan naka kamar ya cike, da ƙyar ya ɗauki aladen."

Apenisa ya nuna tudun. "Tun yaushe wutar take ci?"

"Tun kana minshari. Me ya faru? Fuskarka ta koma kalar rigarka."

"A buɗe shi yanzu."

"Ka haukace? A buɗe lovo kafin baƙi su zauna?"

"Bature ya hana wuta in janar yana hanya."

"Ɗaga kanka ka dubi sama. In ka ga ko ɗan aiken janar, ni zan cinye duwatsun nan."

"Ni ba wuta na tambaye ka ba," in ji Litiana. "Ina tabarmina?"

Kafin ya nemo amsa sai aka busa ƙahon teku daga bakin ruwa. Baƙi sun iso.

Aka zauna a filin gari don kavar maraba, baƙi a sama, 'yan gari a ƙasa. Torika tana gaban matan baƙi, faffaɗa, gashinta fari tas, tana kallon tsakiyar fili inda ya kamata a ce tabarmi suna jibge, babu ko tsinke. Kowa ya san ƙa'ida, in aka fara dama kavar maraba ba mai tashi, ba mai magana, ba mai gittawa, sai an shanye an tafa. Kuma Kaka Sailosi ne mai jawabi, mutumin da jiya aka yi masa kuka, yau yana son kowa ya tabbata yana nan. Ya fara lissafa kakannin baƙi tun daga wanda ya fara sassaƙa kwalekwale.

Apenisa yana zaune cikin sahun maza, gumi yana zuba daga hannun rigar ruwa. Iska ta kaɗo ƙamshin nama. Ya shinshina. A bayan ƙamshin akwai wani wari, kamar na roba. Litiana daga sahun mata ta kafe shi da ido, tana motsa leɓe ba sauti: ina suke? Ya mayar mata da murmushin da ya fi kuka muni.

Tun da tashi haramun ne, sai ya fara ja da baya a zaune. Ya matsa kaɗan, rigar ta yi ƙiiƙ. Ya tsaya. Ya ƙara matsawa, ƙiiƙ. Kaka Sailosi ya dakata, ya leƙa ƙarƙashin akushin kava, ya ci gaba. Apenisa ya ja da baya har ya hau cinyar Fasto. Fasto ya tura shi gaba da gwiwa, ya dawo inda ya taso.

Warin roba ya ƙaru. Tsoho ya kai kan kakanni mata.

Apenisa ya miƙe tsaye a tsakiyar kavar maraba, abin da ko mahaukaci bai taɓa yi a garin ba, ya kurma ihu.

"Janar ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa!"

Ya tsallake akushin kava, ya fizgi matuƙin kwalekwale daga hannun wani baƙo, ya ruga bayan gida. Jama'a duka suka bi shi, baƙi da 'yan gari, wasu da ƙoƙon kava a hannu. Suka tarar yana haƙar lovo kamar kare. Gwaza tana tashi sama, kifi ya faɗa a kan ƙafar ango, aladen ya mirgino rabi a gashe ya tsaya a gaban Fasto. Sekove ya cafke shi ta baya, rigar ruwa ta zame masa kamar kifi, Sekove ya tafi da baya ya zauna a kan dutse mai zafi, ya tashi da wata rawa da ba a taɓa gani a tsibirin ba.

"Ku riƙe shi! Kava ta taɓa masa kai!" in ji jama'a, suna nuna Apenisa.

Apenisa ya ture duwatsu, ya yaye ƙasa. Sai ga kusurwar shuɗin tamfol ta leƙo, a narke.

Litiana ta dubi tamfol ɗin. Ta zauna a ƙasa a inda take, ta ɗora hannu biyu a ka.

Aka jawo tabarmi ɗaya bayan ɗaya, suna tururi. Ƙasar da ya daddanne ta tare wutar daga na ƙasa, sun fito lafiya, sai dai ɗumi da ƙamshin gasasshen nama da ya ratsa su. Ta saman kuwa, ta gadon amarya, dutse ya ci tsakiyarta, ya bar rami mai baƙin baki wanda kan mutum zai shiga.

Jama'a suka ba da hanya. Torika ta tako a hankali tana dafa gwiwa. Ta ɗaga gefen ta farko, ta juya bayan saƙa, ta bi kusurwa da yatsa. Ta kai hanci ta shinshina. Ta sa aka shimfiɗa ɗaya, ta zauna a kai, ta miƙe ƙafafu. Can ta saki wani dogon numfashi.

"Tun bara gwiwar nan ba ta ji daɗi irin na yau ba." Ta dubi Litiana. "Ke kika saƙa?"

"Ni ce, Yaya."

"An gasa su, kusurwa ba ta motsa ba. Na karɓa." Ta nuna mai ramin da leɓe. "Wannan fa?"

"Ta gadon amarya ce," in ji Litiana.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Apenisa ya ji an yaba ɗumi, sai ƙirjinsa ya fara dawowa. Ya karkaɗe ƙasa daga rigarsa ya matso. "Wato, Gwaggo, a Ostareliya, manyan gidaje ba sa shimfiɗa wa baƙo tabarma da sanyi. Akwai ma sunan da Bature yake kiran..."

Litiana ta tashi, ta ɗauki tabarmar, ta ɗaga ta sama, ta zura masa ita ta ka. Ta sauko masa gaba da baya, kansa ya fito ta ramin, gezar ja da kore tana share ƙasa.

"Ta yi masa daidai," in ji Torika. "To ku ji. Ɗana ba zai kwanta a kan rami ba. Ni da ke za mu saƙa wata, ba zan hau kwalekwale ba sai an gama."

"Yaya, irin wannan ai takan ci wata biyu."

"Na zo da kayan sawa. Shi kuma mai sanin Turanci ya tafi fadama ya yanko mana ganyen saƙa. Yanzu. A haka."

Sekove, yana tsaye don ba halin zama, ya miƙa masa adda. "Ga takobinka, Janar."

Apenisa ya karɓa, ya ɗaga kai, ya bi ta tsakiyar fili yana takawa da ƙasaita. Kare ɗaya ya ɗaga hanci ya bi shi. Wani ya fito daga ƙarƙashin coci. Kafin ya kai bakin gari, duk karnukan Matanivula suna bayansa a jere suna lasar baki.

"Kun ga rakiya ko?" ya waiwayo ya ce wa jama'a. "Dabba ma ta san babban mutum!"

Na gaban ya kai cafka ga gezar. Apenisa ya ƙara sauri, karnuka suka ƙara, ya tattare tabarma ya zura da gudu. Litiana ta biyo su har bakin hanya, hankalinta a tashe, ta sa hannu biyu a baki ta ƙwala masa kira.

"Baban Unaisi! In za su ciza, miƙa musu ƙafa! Ulun nan warware shi zan yi in sa a sabuwar!"